Soson katifa: yadda ake haɗa shi da abin da ya sa yake da wuyar komawa asalinsa

Duk wanda ya taɓa farke rigar tsohuwar katifa ya san abin da zai tarar a ciki. Soson da aka sayo fari tas ko shuɗi ya koma ruwan ƙasa, tsakiyarsa ta lotsa daidai inda ƙugu ke kwanciya, bakinsa kuwa yana marmashewa a hannu kamar busasshen burodi. A zamanin katifar audugar rimi irin wannan lalacewa tana da magani, domin sai a farke ta, a zazzage audugar a shanya a rana, a bubbuge ta da sanda, a ƙara sabuwa a ɗinke. Soso ba ya karɓar wannan gyara. Masu sayen tsofaffin robobi ma, waɗanda ke auna fasasshen bokiti da gorar ruwa su biya kuɗi, ba su cika kallonsa ba, saboda injin da ke narkar da waɗancan ya zuba su a sabon ƙira ba shi da abin da zai yi da soso. Dalilin hakan yana cikin yadda aka haɗa shi tun ranar farko, kuma sai an fahimci haɗin sannan za a gane me ya sa manyan kamfanonin sinadarai na duniya suka shafe shekaru kusan hamsin suna neman hanyar warware shi, har yau ba su kai ƙarshenta ba.

Sunan abin da aka yi soson da shi foliyuretan, kuma ya fi kama da sunan dangi a kan sunan abu guda. Daga cikin dangin akwai soso mai laushi na katifa da kujerun falo da na mota, akwai soso mai tauri da ke cikin bangon firji yana tsare sanyi, akwai tafin takalmi, da fentin da ke sa katako sheƙi, da gam, da siririn zaren nan da ke sa tufafi su tale su koma. A shekarar 2019 an ƙiyasta cewa duniya ta samar da kimanin tan miliyan 25 nasa, wato kusan kashi 6 cikin 100 na dukkan robobin da aka yi a wannan shekara.

Asalinsa Jamus ne. A 1937 wani masanin sinadarai mai suna Otto Bayer, tare da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin IG Farben da ke Lebakusen, yana neman zaren da zai yi gogayya da nailan, wanda Wallace Carothers ya ƙirƙira a kamfanin DuPont na Amurka shekaru biyu kafin nan, ba tare da ya taka haƙƙin mallakar Amurkawa ba. Sai ya koma ga wani rukunin sinadarai da ake kira aisosayanet, wanda aka sani tun tsakiyar ƙarni na 19 amma ba a sama masa wani babban aiki ba. Zaren da ya fito bai ture nailan daga kasuwa ba. Abin da ya ɗore shi ne hanyar haɗin, wadda a cikinta ruwaye biyu ke gamuwa su manne da juna nan take, ba tare da an dafa su na dogon lokaci ba. Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara yin soso mai laushi don kasuwa a 1954, sannan daga 1957 kamfanonin Dow da BASF suka fito da wani nau'in sinadarin haɗi mai araha wanda danshi ba ya cinye shi da wuri, kuma daga nan ne soso ya fara korar auduga da gashin dabbobi daga cikin katifu da kujeru.

Ruwayen nan biyu su ne ginshiƙin maganar duka. Na farko ana ce masa foliyol, ruwa ne mai kauri kamar zuma, kuma kowace ƙwayarsa, wato ɗan mitsitsin da ido ba ya gani wanda tarinsa ke zama ruwan, doguwar igiya ce mai lanƙwasa wadda ke da hannayen kamu a ƙarshenta. Wanda ake sawa a katifa yawanci yana da rassa uku, domin a kan gilisarin ake gina shi, ana ɗora masa wani sinadari da aka samo daga man fetur ɗaya bayan ɗaya har igiyar ta yi tsawo. Na biyu shi ne aisosayanet, ƙwaya ce ƙarama, mai tauri, mai hannu biyu, mai saurin cafkar duk abin da ta samu. Biyu ne suka mamaye kasuwa, TDI da ake yin yawancin soson katifa da shi, da MDI da ake yin soson firji da tafin takalmi da shi. Idan hannun aisosayanet ya kama hannun foliyol sai a sami ƙulli da ake kira yuretan, wanda daga gare shi sunan dangin ya fito. Tun da kowace igiya tana da rassa uku, kuma kowane reshe ana ƙulla shi da reshen wata igiya, abin da ke fitowa a ƙarshe ba tarin igiyoyi ba ne, raga ce guda ɗaya wadda ta bazu ta kowace fuska. Ana iya cewa dunƙulen soso, komai girmansa, kusan ƙwaya ɗaya ce tak.

Kumburin kuwa ruwan sha ne ke kawo shi. Aisosayanet ba ya bambanta hannun foliyol da ruwa, kuma idan ya kama ruwa sai ya saki iskar kabon dayoksaid, wadda ke hura haɗin kamar yadda yisti ke tayar da ƙullu. A masana'antar soso ana tura sinadaran ta bututu zuwa wani baki da ke cakuɗa su da ƙarfi, ya zuba su a kan takarda mai tafiya bisa bel. Da farko abin ruwa ne garai-garai, cikin daƙiƙu kaɗan ya yi fari kamar kindirmo, sannan ya fara tashi, kuma kafin minti biyu ya kai ƙirjin mutum ko ya wuce. A daidai ƙarshen tashin ne bangon ƙananan kumfar ke fashewa, iska ta fita, soson ya ɗan sauke numfashi ya tsaya. Wannan fashewa ita ce ke sa katifa ta danne ta dawo. Idan ragar ta ƙullu kafin iskar ta gama fita, soson zai tsuke bayan ya huce, idan kuma iskar ta riga ƙullin, zai rushe tun yana kan bel. Shi ya sa ake ƙara 'yan sinadarai masu daidaita tseren, wani na dangin amin, wato sinadarai masu naitirojin a jikinsu, wani na kuza, da man silikon da ke hana kumfa fashewa kafin lokaci. Haɗin yana fitar da zafi sosai, cikin dunƙulen yakan haura digiri 140, don haka ake jera dunƙulen a tazara su yi aƙalla kwana guda suna hucewa kafin a yanka, gudun kada su kama da wuta da kansu.

Akwai wani lissafi a nan wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne tushen rabin wahalar da ake sha daga baya. A haɗin soson katifa na yau da kullum, idan an auna giram 100 na foliyol, za a sa kimanin giram 50 na TDI da giram 4 na ruwa. Giram huɗun nan kaɗai suna fitar da iska da ta kai lita biyar. Amma ƙwayar ruwa ƙarama ce ƙwarai, ƙwayar foliyol kuwa ƙatuwa, saboda haka a cikin ɗan ruwan nan akwai hannayen kamu da suka ninka na foliyol fiye da sau huɗu. Ma'ana, akasarin TDI da ruwa yake haɗuwa, kuma abin da wannan haɗuwa ke bari bayan iskar ta fita wani ƙulli ne dabam da ake kira yuriya, ɗan'uwan ƙullin da ke cikin takin yuriya da manoma suka sani. Ƙullin yuriya ya fi na yuretan taurin kai, yana taruwa wuri guda ya zama ƙananan duwatsu a cikin ragar, kuma shi ne ke ba katifa ƙarfin ɗaukar nauyi. Wanda zai warware soso dole ya san cewa iri biyu na ƙulli zai kwance, kuma wanda ya fi yawa shi ne ya fi wuya.

Bambancin soso da gorar ruwa kamar bambancin tubalin laka ne da gasasshiyar tukunya. Idan tsohon ginin ƙasa ya rushe, ana iya jiƙa ƙasar a sake kwaɓawa a yi sabon tubali, domin bushewa kawai ta yi. Tukunya kuwa wuta ta canja ta har cikin jikinta, idan ta fashe sai tsingaro, ko an jiƙa shi shekara ba zai koma yumɓu ba. Gorar ruwa da leda igiyoyi ne da ke kwance kusa da juna ba tare da ƙulli ba, zafi na sa su zame, sanyi ya tsayar da su. Soso raga ce, zafi ba ya sa ta gudana, sai dai ya ƙone ta. Akwai 'yan dangin foliyuretan da aka yi su da igiyoyi marasa rassa, irin wanda ake yin rigar waya da wasu bututu da shi, kuma waɗannan suna narkewa, amma ba su ne suka cika juji ba.

Kafin a zo kan hanyoyin warwarewa, ya kamata a dubi abin da aka kashe wajen samar da TDI, don a san darajar abin da ake zubarwa. Daga toluwin ake farawa, wanda ake cirowa daga man fetur. Ana haɗa shi da ruwan asid mai ƙarfi, sannan a bi shi da iskar haidurojin, sai a sami wani sinadari na dangin amin mai suna TDA. Mataki na ƙarshe shi ne a haɗa TDA da fosjin, iskar da ake yi daga kulorin da kabon monoksaid, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami mai guba a yaƙin duniya na ɗaya. Hanyar MDI ma haka take, sai dai daga benzin ake tasowa a bi ta anilin. Saboda haɗarin fosjin da tsadar injinan da ke tsare shi, kamfanoni kaɗan ne a duniya ke wannan aiki, irin su BASF da Covestro a Jamus, Dow da Huntsman a Amurka, Wanhua a Sin, da Sadara a Jubail ta Saudiyya. Shi kansa aisosayanet kafin ya ƙullu yana da illa ga huhu, yana iya jawo wa ma'aikaci asma da ba ta rabuwa da shi, har Tarayyar Turai ta wajabta daga watan Agustan 2023 cewa duk mai aiki da shi sai an horar da shi tukuna. Soson da ya gama ƙulluwa ba ya ɗauke da wannan haɗari ga mai kwanciya a kansa, domin hannayen kamun sun riga sun kama abin da za su kama.

Haɗarin yana dawowa ne idan an sa masa wuta. A cikin kowane ƙulli akwai naitirojin, kuma idan soso na ci a inda iska ba ta wadata ba, hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid da haidurojin sayanaid, iskoki biyu masu guba da ke kisa. A 1979 gobara ta tashi a sashen kujeru na wani babban kanti a Mancesta ta Ingila, mutum goma suka rasu, akasarinsu hayaƙin soso ne ya kashe su, kuma wannan na daga cikin abin da ya kai ga dokar kare kayan ɗaki daga gobara ta 1988 a Birtaniya. A 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka bayan tartsatsi ya kama soson da aka manna a bango don tsare ƙara. Ina ambaton waɗannan ne domin a garuruwanmu ƙona tsohuwar katifa a bola abu ne da ake yi ba tare da tunani na biyu ba, yara na wasa a gefe, masu abinci na kusa.

Hanya mafi tsufa kuma mafi sauƙi ta sake amfani da soso ba ta taɓa ƙullin ko kaɗan. Ana daddatsa shi gutsi-gutsi, a yayyafa masa gam na foliyuretan, a danne a cikin akwati a bi shi da tururi, sai ya fito dunƙule mai nauyi da tauri, mai launi barkatai kamar an zuba tsummoki kala-kala. A Amurka da shi ake yin yawancin shimfiɗar ƙarƙashin kafet, a wurare da dama kuma da shi ake yin tabarmar motsa jiki da kujerar babur da cikin katifa mai tauri da masu ciwon baya ke nema. Bai kamata a raina wannan hanya ba, domin ba ta cin wuta da yawa, ba ta buƙatar injin sinadarai, kuma tana ƙara wa soso shekaru. Iyakarta ita ce kasuwar abin da take fitarwa ba ta kai yawan soson da ake zubarwa ba, kuma akasarin abin da take ci ragowar yanka ne daga masana'anta, mai tsabta, wanda aka san haɗinsa.

Hanya ta biyu ita ce a kwance ƙullin da sinadari, kuma tun shekarun 1970 kamfanonin mota na Amurka suka fara gwada ta a kan soson kujeru. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce dafa gutsattsarin soso a cikin gilaikol, wani ruwa mai ƙananan ƙwayoyi masu hannu irin na foliyol, a zafin da ya kai kimanin digiri 200. A wannan zafi ƙullin yuretan yana sassautawa, kuma tun da gilaikol ya fi yawa a tukunyar, sai ya ƙwace gurbin doguwar igiyar ya sake ta. A hankali tulin soso ya narke ya zama ruwa mai duhu. Idan an daidaita aikin da kyau aka bar ruwan ya kwanta, yakan rabu gida biyu kamar mai a kan miya: na sama foliyol ne da ya kusa tsarkaka, na ƙasa kuwa gilaikol ne da duk ragowar ɓangaren TDI. Wata hanyar tana amfani da asid mai hannu biyu maimakon gilaikol, kuma amfaninta shi ne asid ɗin yana ɗaure amin ɗin da ke fitowa ya hana shi yawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin TDA na cikin sinadaran da gwaji a kan dabbobi ya nuna suna haddasa ciwon daji, kuma ba wanda zai yarda ya bar shi a cikin katifar da jariri zai kwanta a kai.

Abin da waɗannan hanyoyi ke dawowa da shi foliyol ne, wato kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin soso, kuma shi ma bai cika kai sabo inganci ba. Yana da duhu, yana da ɗan wari, kaurinsa da yawan hannayensa suna sauyawa daga tukunya zuwa tukunya, alhali kuwa tseren nan na iska da ƙulli ba ya jure irin wannan sauyi. Don haka gauraya shi ake yi da sabo, kuma yawanci kason tsohon ba ya kai rabi. Ragowar kashi ɗaya cikin uku, wanda shi ne ya ci toluwin da asid da haidurojin da fosjin, yakan ƙare a matsayin laka da ake ƙonawa ko a cusa a wani aiki mai ƙarancin daraja. A ganina, duk lokacin da aka ce an mayar da katifa katifa, tambayar da ta dace a yi ita ce ina ɓangaren aisosayanet ya tafi.

Hanyar da ke amsa wannan tambaya ita ce a yi amfani da ruwa da kansa, a matsanancin zafi da matsi ko tare da sinadari mai taimakawa, ya fasa ƙullin yuretan da na yuriya gaba ɗaya. Abin da ke fitowa foliyol ne da TDA da iskar kabon dayoksaid. A takarda wannan ita ce cikakkiyar komawa, domin TDA shi ne matakin da ke gab da TDI. A aikace kuwa sai an raba shi da foliyol, an tace shi har ya kai tsarkin da masana'antar fosjin za ta karɓa, sannan an kai shi can, ga shi kuma abu ne mai guba da ba a ɗaukarsa sakaka. Ko an yi nasarar duk wannan, fosjin bai fita daga lissafi ba, an dai tsallake matakan da ke gabansa ne. Covestro ya buɗe ƙaramar masana'antar gwaji a Lebakusen a 2021, a garin da Otto Bayer ya fara aikin, da nufin dawo da ɓangarorin biyu, Evonik ma yana gwada tasa hanyar ta ruwa a garin Hanau na Jamus. A Jami'ar Ahus ta Denmak masu bincike sun nuna cewa ana iya fasa soso da iskar haidurojin da taimakon ƙarfen iridiyum, wanda ya fi zinariya ƙaranci, daga baya kuma suka nuna ana iya yi da wani nau'in barasar masana'anta mai zafi ba tare da ƙarfen ba.

Wadda ta fita daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa a fili ita ce masana'antar da aka buɗe a Semuwa, kusa da Orleyan a Faransa, a 2021, haɗin gwiwar Dow da kamfanin Orrion Chemicals Orgaform. An gina ta don ta ci soson katifu har 200,000 a shekara ta fitar da foliyol. Adadin yana da girma a kunne, amma masana'antun soso na Turai suna ƙiyasta cewa katifu kusan miliyan 40 ake zubarwa a nahiyar kowace shekara, wato ana buƙatar irinta ɗari biyu. Kuma ba banza aka gina ta a Faransa ba. Tun 2013 ƙasar take da tsarin da ke sa mai sayen kayan ɗaki ya biya ɗan ƙarin kuɗi, a tara a hannun wata ƙungiya da aka ɗora wa tattara tsofaffin kayan da rarraba su. Jihohin Kalifoniya da Konetikat da Rod Ailan a Amurka suna da irin wannan doka ta katifa. In ba don wannan kuɗi ba, da masana'antar ba ta sami abin da za ta dafa ba.

A nan ne nake ganin ainihin cikas ɗin yake, kuma ba a cikin tukunya yake ba. Dunƙulen soson katifa mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri nauyinsa tsakanin kilo 20 zuwa 40 ne, alhali robar da aka yi shi da ita in babu kumfa za ta haura kilo dubu. Fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da mota ke ɗauka iska ce, kuma ana biyan kuɗin mai a kanta sai an sami injin matsewa kusa. Sannan katifa ba soso kaɗai ba ce, akwai yadi da zare da gam da waya, akwai soso iri uku ko huɗu da aka manna a kan juna, wani na TDI, wani na MDI, wani ma na ƙaron roba ne da ba dangin foliyuretan ba. Wasu masu yin soso kuma suna zuba garin alli don ƙara nauyi. Dole a sami mutum ya farke, ya duba, ya ware. Tsofaffin kujeru na da ƙarin matsala, domin an daɗe ana sa wa sosonsu wani maganin hana kama wuta mai ɗauke da buromin, wanda yarjejeniyar Istokholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta haramta a 2009, kuma in aka sake sarrafa irin wannan soso ba a tantance ba, an dawo da haramtaccen sinadari cikin sabon kaya ke nan. Bayan duk wannan wahala, foliyol ɗin da aka samu zai shiga kasuwa ya tarar da sabon da aka yi daga man fetur, wanda farashinsa ke faɗuwa duk lokacin da gangar mai ta faɗi.

Soson firji labarinsa ya ɗan bambanta, kuma ya fi shafar mu fiye da yadda ake zato. Kumfarsa a rufe take, kuma abin da ke tsare sanyi shi ne iskar da aka kulle a ciki. Shekaru da dama CFC-11 ake kullewa, iskar da ke cin rigar ozon ta sararin sama mai tare mana hasken rana mai cutarwa, wadda kuma kilo ɗaya nata ke ɗumama duniya fiye da kilo 4,000 na kabon dayoksaid. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta kawo ƙarshen yin ta, a 2010 aka rufe samar da ita a duniya baki ɗaya, ko da yake a 2018 masana sun gano tana ƙaruwa a iska ba bisa ƙa'ida ba, kuma binciken da ya biyo baya ya danganta kaso mai yawa da gabashin Sin. Tsohon firji har yau yana riƙe da tasa a bango. A Jamus ana niƙa shi ne a cikin rufaffen ɗaki a zuƙe iskar. A wajen 'yan gwangwan kuwa da guduma da kurfi ake ɓare shi, a cire tagulla da ƙarfe da alminiyum, a watsar da soson ruwan ɗorawa ko a cinna masa wuta, iskar ta tafi sama ba wanda ya gan ta.

Ana yawan yaɗa labarin ƙwayoyin halitta masu cin roba, kuma akwai gaskiya a ciki. A 2011 ɗaliban Jami'ar Yel ta Amurka sun ba da rahoton wani naman gwari daga dajin Amazon na Ekwado da ke cin wani nau'in foliyuretan, a 2020 kuma masu bincike a Laifzig ta Jamus suka samo bakteriya da ke rayuwa a kan TDA. Sai dai nau'in da naman gwarin ya ci ba irin na katifa ba ne, mai sauƙin ruɓewa ne tun asali, kuma saurin aikin bai kusanci abin da masana'anta ke buƙata ba. Haka ma ƙoƙarin yin foliyuretan ba tare da aisosayanet ba, wanda zai kawar da fosjin gaba ɗaya, yana fama da jinkirin haɗuwa da kuma rashin iskar da za ta hura shi da kanta. Ɓangaren foliyol ya fi sauƙin sauyawa. Kamfanin Ford ya fara sa soso mai ɗauke da man waken suya a kujerun motarsa Mustang ta 2008, man zurma kuwa, wato cika-gida da ke fitowa a bayan gidajenmu ba wanda ya shuka, yana da hannayen kamun nan tun daga halitta, ana iya haɗa shi da aisosayanet kai tsaye. Amma ragar da aka saƙa da man tsiro raga ce dai, ba ta fi ta man fetur sauƙin kwancewa ba.

A Najeriya ana yin soso tun da daɗewa, Vitafoam ma tun 1962 aka kafa shi, kuma babu kayan ɗakin amarya da ke cika ba katifa. Amma TDI daga waje ake shigo da shi, don haka ko da an dawo da TDA a nan, babu masana'antar fosjin da za a kai shi. Abin da ke hannunmu shi ne matakan farko, kuma wasunsu mun riga mun iya. Tsohuwar katifa a nan tana sauka daga ɗakin iyaye zuwa na yara, daga nan mai gyaran kujera ya yanke inda bai lotsa ba ya yi matashi ko kujerar babur, gutsattsarin kuma ya shiga filo ko ya zama abin wanke kwano. Inda sarƙar ke tsinkewa shi ne ƙarshe, lokacin da soson ya marmashe ya ƙi kowane aiki. Injin datsawa da na matsewa da tururi ba su fi ƙarfin ƙaramar masana'anta a Kano ko Kaduna ba, kuma 'yan jari bola da ke zagaya unguwanni da kura za su kawo soso ranar da aka sa masa farashi a kan kilo, kamar yadda suka fara kawo gorar ruwa ranar da aka fara sayenta.